Sikila da Shanyewar Ɓarin Jiki a Yara: Tambayar da Kano Ta Yi wa Kanta

 

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya san yaron da zan yi magana a kansa. Ɗan shekara shida ko bakwai ne, mai sikila. Jiya yana wasa a tsakar gida, yau an tashe shi da asuba hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Kafin a kawo shi asibiti an sha hayaƙi da tofi, domin a wajen mutanenmu shanyewar ɓarin jiki ciwon dattawa ce. In ta kama yaro, sai a ce iska ce ko sammu. Ban ga laifin iyayen ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa a cikin yara 100 masu sikila mai tsanani, kusan 11 za su gamu da wannan larura kafin su cika shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi.

Me ke faruwa a jikin yaron? Jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su yi tauri, su riƙa goga bangon jijiya, har manyan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa su tsuke. Wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya san ruwa na ƙara gudu idan hanya ta matse, to haka jini yake. Akwai ƙaramar na'ura, likitoci na ce mata TCD, da ake ɗora wa yaro a gefen kai kusa da kunne, ta auna gudun jinin ba allura ba ciwo. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaron yana cikin haɗari ko da kuwa yana tsalle-tsallensa lafiya lau.

A 1998 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka mai suna STOP, wanda Dakta Robert Adams ya jagoranta. An ɗauki yara 130 da gudun jininsu ya kai wannan mataki, aka raba su biyu. Kashi ɗaya ana yi musu ƙarin jini kusan duk wata, ɗaya kashin aka bar su a kan kulawar da aka saba. A cikin waɗanda ake ƙara wa jini, yaro ɗaya ne ya shanye. A ɗaya kashin, 11. Haɗarin ya ragu da kashi 92 cikin 100, har aka dakatar da binciken kafin wa'adinsa, don ci gaba da hana sauran yaran jini ya zama zalunci.

Wannan ilimi ya iso mu, muka karanta, muka koyar da ɗalibai, suka rubuta a jarrabawa suka ci. Amma a gadon asibiti fa? Ku da ke aiki a wurin kun san yadda ake samun leda ɗaya ta jini: a kira kawu, a kira maƙwabci, a roƙi abokan uban yaro. To a ce duk wata, shekara da shekaru, ga yaron da ido bai ga ciwo a jikinsa ba. Ga kuɗin gwaje-gwaje, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya wanda shi ma sai an sayi magani mai tsada an fitar da shi. Wani binciken da ya biyo baya a 2005 ya nuna cewa da an daina ƙarin jinin haɗarin yake dawowa. Haka aka yi shekaru an san maganin, ɗan mai facin taya bai san an sani ba.

A nan ne masu bincike na Kano suka yi abin da nake so ɗalibanmu su lura da shi. Ba su zauna jiran ranar da bankin jininmu zai yi kama da na Amurka ba. Suka tambayi kansu: da abin da ke hannunmu, me za mu iya ba wannan yaro gobe da safe?

Amsar tana cikin wani tsohon magani, hydroxyurea, wanda aka fara amfani da shi a kan cutar daji. Tarihinsa da sikila ya faro ne daga wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, wadda ta lura a 1948 cewa jarirai masu sikila ba su cika nuna alamun ciwon a watannin farko ba. Ta danganta hakan da irin sinadarin jinin da ɗan tayi ke zuwa da shi daga ciki, wanda ke hana ƙwayar jini lanƙwashewa, amma yake raguwa bayan haihuwa. Aikin hydroxyurea shi ne ya sa jiki ya koma ƙera wannan sinadari. Ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya a rana, a gida. An daɗe ana ɗari-ɗari da ita a Afirka, ana tsoron za ta rage garkuwar jiki a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Binciken REACH da aka yi a kan yara kusan 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda ya kwantar da wannan fargaba, don zazzaɓin ma raguwa ya yi da kusan rabi.

A Kano an fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN, wanda Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt suka yi tare da abokan aikinsu, don a ga ko iyaye za su yarda, ko yara za su riƙa shan maganin. Suka yarda, suka sha. Daga nan aka shiga babban gwajin, SPRING, a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Yara 220 ne, 'yan shekara 5 zuwa 12, duk masu gudun jini mai haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022, da sunan Shehu Umar Abdullahi a gaba. Yara 3 suka shanye a kashin farko, 5 a na biyu, bayan an bi su sama da shekara biyu. Ku tuna cewa a binciken STOP, yaran da ba a yi wa rigakafi ba kusan 10 cikin 100 ke shanyewa duk shekara. A nan bai kai 2 ba.

Wani zai ce, ai ba a samu bambanci tsakanin awon biyu ba, binciken bai yi nasara ba ke nan. Ni a ganina nan ne amfaninsa. Ga uban da ke lissafin kuɗin magani da na hatsi a aljihu ɗaya, sanin cewa ƙaramin awo ma yana tsare ƙwaƙwalwar ɗansa ba ƙaramin labari ba ne. Sai dai a faɗi sauran gaskiyar: yaran da suka sha awo mafi yawa sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Don haka inda hali ya yi, 20 ɗin ya fi. Kuma wannan ba maganin da za a saya a kemis a riƙa bai wa yaro da ka ba ne. Likita ne zai auna, a riƙa duba jini lokaci-lokaci.

Ba zan sauka ba sai na taɓa abin da na san yana ran wasunku. A garin nan kalmar gwaji tana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Kusan yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin allurar foliyo a 2003. Saboda haka uwar da ta ce a'a ba jahilci ne ya sa ta ba, tana da tarihin da take tunawa. Aikin mai bincike ne ya zauna da ita, ya yi mata bayani da Hausar da take ji, ya gaya mata tana iya janye ɗanta ranar da ta ga dama ba tare da an rage masa kulawa ba. 'Yan kwamitin ɗa'ar bincike da ke nan, wannan kayanku ne, ba ya ƙarewa da sa hannu a takarda.

Yanzu ana ta labarin maganin gyaran ƙwayar halitta da Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2023, farashinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Madalla, Allah ya kawo shi da sauƙi. Dokar gwajin jini kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ita ma za ta taimaka wa waɗanda ba a haifa ba tukuna. Amma yaran da ke goye a yau, buƙatarsu ta fi kusa: a auna gudun jininsu sau ɗaya a shekara tun daga shekara 2 har 16. Ba sai ƙwararren likitan hoto ba, domin a Kaduna an horar da ma'aikatan jinya sun riƙe na'urar. Roƙona ga wakilan ma'aikatar lafiya da ke zaune a gaba shi ne kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu na'ura ɗaya da ma'aikata biyu da suka iya ta, a kuma tabbatar hydroxyurea ba ta yankewa a kantin maganin asibitin. Masu tambaya, bismillah.