Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Saji

Wasiƙar yau daga Saji ta fito, can wajen Rano da Kibiya. Ɗan'uwa, ka ce in ka kai gyaɗa kasuwa, wasu kan yi maka gori wai Bahaushe ba ya zama Kirista. In kuma ka shiga majami'a a Sabon Garin Kano da babbar riga, sai a riƙa kallonka kamar baƙo. Shi ne kake tambaya, to kai na wane ne?

Kwantar da hankalinka. Ba yau aka fara samun Hausawa Kirista ba. Tun 1929 suna nan zaune a Wusasa, kusa da Zariya, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Don wa aka yi wannan wahala in ba don irinka ba?

Amma abin da ya fi wannan, buɗe Yohanna sura ta 10. Makiyayin da Yesu ya kwatanta kansa da shi, kowace tunkiya da sunanta yake kiranta. Kai da kake kiwo ai ka sani, ko garke ya cakuɗe a mashaya, mai dabba ba ya kasa gane tasa. Haka Allah ya san ka, tun kafin fasto ya rubuta sunanka ranar baftisma.

Mai gori kuwa, kada ka biye masa. Gaishe shi, cika masa mudu, in an yi masa rasuwa ka je gaisuwa. Ran Lahadi ka sa babbar rigarka ka tafi sujada.