Kafin Mu Kira Kanmu "Rafatori"



A taron da ya gabata wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a riƙa kiran ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da sunan "rafatori", wai ya fi armashi a takardar gayyata. Na nemi izini in ce wani abu kafin a kaɗa ƙuri'a, don kada mu sa rigar da ba a ɗinka mana ba.

Tushen kalmar daga Latin ne, ma'anarta kuwa jerin kayan da mutum ya ajiye ya kuma san inda zai same su. Da ta shiga bakin masu wasan kwaikwayo sai ta zama sunan ƙungiya mai 'yan wasa na dindindin, waɗanda ke riƙe da wasanni da yawa a ka, yau su yi wannan, gobe wancan, jibi su koma na farko. Misalin da ya fi shahara shi ne Comédie-Française ta birnin Paris, wadda Sarki Louis na 14 ya kafa a 1680, shekara bakwai bayan rasuwar Molière, har yau kuma tana juya wasanninsa.

To, a Ingila kalmar ta ɗan karkace. Annie Horniman ta buɗe irin wannan gida a Manchester a 1908, Liverpool ta biyo baya a 1911, Barry Jackson ya kafa na Birmingham a 1913. Amma abin da ya yaɗu a ƙananan garuruwa daga baya wani abu ne dabam: 'yan wasa dai su ne ba a sauya su, sai dai kowane mako sabon wasa, tsohon kuma a yar da shi. Da dare ɗan wasa yana gaban jama'a da wasan wannan mako, da safe yana gwajin na mako mai zuwa. Wahala ce, amma a nan manyan 'yan wasan Ingila da yawa suka koyi sana'a, kafin talabijin ya janye 'yan kallo tun daga shekarun 1950. Wato kalma ɗaya, abu biyu: mai ajiya da mai zubarwa.

Nan gida ma abin ba baƙo ba ne. Hubert Ogunde ya bar aikin ɗan sanda a tsakiyar shekarun 1940, ya riƙa yawo gari-gari da mutanensa da wasanninsa, har Arewa.

Mu fa? Wasa ɗaya muke yi a shekara. Ana gama tafi kowa ya kama gabansa, takardun su ɓace, wanda ya fito a sarki ya sauke karatu ya tafi bautar ƙasa da wasan a cikinsa. Ko ma'anar Faransa ko ta Ingila, babu wadda ta hau kanmu.

In Hausa za mu nema wa abin, ni "ƙungiya mai rumbu" zan ce, domin manomi ya san rumbu ba na hatsin yini ɗaya ba ne. Shawarata, ya shugaba, a jingine maganar suna tukuna. A sayi akwati a ba sakatare ya adana rubutun kowane wasa, a sa 'yan aji ɗaya su koyi matsayin 'yan ajin ƙarshe, a kuma maimaita wasan bara kafin hutun ƙarshen zango. Ranar da muka iya fitar da wasa uku cikin mako guda, ni zan fara ɗaga hannu.