Kofi a Tsaye, Kofi a Zaune

A watan Agustan 2018 jaridun Turai suka yi ta yayata labarin wani baƙo ɗan ƙasar Chile da ya sha kofi a dandalin San Marco na birnin Venice. Kofi biyu da ƙananan kwalaben ruwa biyu, aka miƙo masa takardar biya ta euro 43.

A Italiya kofi farashi biyu gare shi. Wanda ya tsaya a gaban kanta ya kurɓe ya wuce, a yawancin wurare ba zai biya euro biyu ba. Wanda ya ja kujera kuwa, ya sayi wurin zama da hidimar ma'aikaci, a San Marco har da kuɗin makaɗan da ke kiɗa a dandalin. Ɗan gari ya san haka tun yana yaro, shi ya sa ba ya tambaya. Baƙo kuma yana ganin kowa ya yi shiru, sai kunya ta hana shi buɗe baki, kada a ce ba shi da kuɗi.

Faransa ta rage wannan matsala da doka: tun 1987 dole gidajen shan kofi su liƙa farashin abubuwan sha da aka fi saya a waje, inda mai wucewa zai gani.

Bahaushe da ya saba cewa "nawa ne?" ko a teburin mai shayi bai kamata ya bar wannan ɗabi'a a filin jirgi ba. Ma'aikatan gidajen kofi na Venice suna da takardar farashi, kuma suna kawowa idan an nema.