Asalin Kalmar "Surf" da Yadda Hausa Za Ta Karɓe Ta



Yaron da ya tashi a Dogon Dawa, cikin ƙasar Birnin Gwari, ya san daji, ya san rafi, amma bai san teku ba. Duk da haka yakan ci karo da kalmar "surf" a wayarsa, malaminsa kuwa ya rasa Hausar da zai ba shi. Kafin a fassara kalma, wajibi ne a bi sawunta.

A ƙarni na 17 kalmar ta bayyana a rubuce cikin Ingilishi, tana nufin ruwan teku da ke tasowa ya fashe a gaɓa. Kafin nan akan rubuta ta "suff", musamman cikin labarun matuƙan jirage game da gaɓar Indiya. Ashe ke nan tun farko sunan ruwa ne, daga baya aka laƙaba wa wasan hawansa.

Shi wasan kuwa ba Turawa suka ƙago shi ba. Mutanen tsibiran Hawai suna kiransa "he'e nalu", wato sulɓi a bisa ruwa mai tasowa, a can kuma mutanen Kyaftin Cook suka rubuta labarinsa a 1779. Haka nan a shekarun 1830 James Alexander ya ga yaran Akra suna yin irinsa da 'yan alluna. A 2021 aka fara yin sa a gasar Olamfik, a Japan. Ma'ana ta uku, ta yawo a intanet, ta bazu ne bayan maƙalar Jean Armour Polly ta 1992.

To, Hausa fa? Bahaushe bai zauna bakin teku ba, amma da ya ga ruwa ya yi tozo yana tafe, sai ya tuna da dabbar fatake, ya ce raƙumin ruwa. Shi raƙumi kuwa hawansa ake yi. Saboda haka "hawan raƙumin ruwa" ya wadatar ga wasan, "yawo a intanet" kuma ga ɗaya ma'anar. Aro ba laifi ba ne, amma ya kamata mai fassara ya leƙa rumbun gida tukuna. Ta haka yaron Dogon Dawa zai gane wasan tun bai ga teku ba.