Daidaita Iyakokin Ma'adanar Kwamfuta a Manyan Sabobi: Darasi ga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa



Aikin hukuma a kudancin Jigawa yana komawa kan kwamfuta. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da Kwalejin Koyon Aikin Jinya, da sakatariyar ƙaramar hukumar Gwaram, duk wurare ne da bayanai ke taruwa kullum. Rahoton lafiya na ƙasa yana bi ta manhajar DHIS2, wadda ke zaune kan rumbun bayanai na PostgreSQL, kuma tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Bayan kowane irin wannan aiki akwai saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta. Abin da takardar nan ke cewa ɗaya ne: sau da yawa sabar da ke tsayawa tana da isasshiyar ma'adana, iyakokin da aka bar mata tun daga masana'anta ne ba su dace da aikinta ba.

Kanel da alƙawarin da ya fi ƙarfinsa

Kanel, mai riƙe da waɗannan iyakoki, shi ne zuciyar tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Shi ke raba ma'adanar RAM tsakanin manhajoji. A tsarinsa na asali yakan yi wa manhajoji alƙawarin wuri fiye da abin da yake da shi, kamar ɗan kamashon da ya karɓi kuɗin kujeru fiye da na motar, yana sa ran wasu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, sai kanel ya kashe wata manhaja don ya samu sarari, kuma yakan zaɓi wadda ta fi cin wuri. A sabar asibiti wannan ita ce rumbun bayanai. Ma'aikacin ɗakin kati sai ya ga allo ya daskare, layi ya miƙe har waje, a ce "netwok ya ɗauke", alhali intanet lafiyarsa lau.

Maganin yana cikin ma'aunin vm.overcommit_memory. Idan aka mayar da shi 2, kanel zai daina alƙawarin da ba zai iya cikawa ba, kuma masu PostgreSQL sun ba da wannan shawarar. Sai dai a kula da abokinsa vm.overcommit_ratio, wanda ke zuwa a kan 50. Idan aka bar shi haka a sabar mai gigabait 64 da ƙaramin wurin musaya (sashen faifai da kanel ke kwashe bayanan ma'adana zuwa cikinsa), manhajoji ba za su iya samun kusan rabin ma'adanar da aka saya da tsada ba. Akan ɗaga shi zuwa 80 ko 90, gwargwadon aikin.

Bayanan da ba su sauka kan faifai ba

Wannan ya fi shafarmu saboda halin wutar lantarki. Kanel yakan riƙe sababbin bayanai a ma'adana kafin ya rubuta su kan faifai. Ma'aunin vm.dirty_ratio yana zuwa a kan kashi 20 cikin ɗari. A ƙaramar kwamfuta wannan ba komai ba ne, amma a saba mai gigabait 128 yana iya haura gigabait 20. Idan wuta ta ɗauke, batirin inbata ya gaza kafin a tada janareta, hotunan awon marasa lafiya da ake kwafewa a lokacin suna iya salwanta. Ko da wuta, zubar da wannan tulin kan faifai lokaci guda yana tsayar da komai. Gara a sa iyaka da lamba ta vm.dirty_bytes, misali megabait 500, maimakon kaso.

Musaya da manyan shafuka

Ma'aunin vm.swappiness yana zuwa a kan 60. Ga sabar rumbun bayanai akan sauke shi zuwa kusan 10, don kada a kwashe bayanan da ake aiki da su zuwa faifai mai nawa. Haka kuma kanel yana yanka ma'adana shafi-shafi na kilobait 4. Gigabait 64 ya kai shafuka sama da miliyan 16, amma da shafukan megabait 2 sai su koma 32,768, lissafin ya yi sauƙi.

Shawarwari

Na farko, a auna kafin a taɓa: umarnin dmesg zai nuna ko kanel ne ya kashe manhajar. Na biyu, a canza ma'auni ɗaya a lokaci guda, a gwada shi ranar da babu cunkoso. Na uku, a rubuta kowane canji a /etc/sysctl.d, domin wanda ba a rubuta a fayil ba yana gogewa da zarar an sake kunna saba, kuma a nan sake kunnawa ba baƙon abu ba ne. Na huɗu, hukumomi su horar da ma'aikacin cikin gida, don kada ofishin Gwaram ya zauna jiran injiniya daga Dutse ko Kano saboda layi uku na rubutu.

Kammalawa

Kafin a rubuta takardar neman kuɗin sabuwar saba, a binciki iyakokin wadda ke hannu. Gyaran ba ya cin kobo, ilimi da kula kawai yake buƙata, kuma mai cin moriyarsa shi ne majinyacin da ya baro ƙauye da asuba yana jiran katinsa.