Guguwar Teku, Ambaliya da Aljihun Manomin Kafin Hausa



Kafin Hausa ba ta bakin teku, kuma guguwar da Turawa ke kira harikan ba ta taɓa isowa ƙasar Haɗeja ba. Duk da haka ɓarnarta takan iso, ta hanyoyi biyu, watau kuɗin mai da kuɗin inshora.

Gaɓar Tekun Meksiko ita ce cibiyar matatun man Amurka. A watan Agusta 2005 guguwar Katrina ta tsai da rijiyoyi da matatu a Luwiziyana, har galan ɗin fetur ya haura dala 3. A 2017 kuma guguwar Harvey ta rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin tace mai a ƙasar. Da ya ke kasuwar mai ɗaya ce a duniya, Nijeriya kuwa a lokacin daga waje ta ke sayo yawancin feturinta, sai kuɗin tallafin da gwamnati ke biya ya hau. Tun da aka janye tallafin a Mayu 2023, irin wannan hauhawa kan mai saye ta ke faɗawa.

A gida ma an ga misali. A Oktoba 2022 Kogin Kwara ya yanke hanyar Lakwaja zuwa Abuja, tankokin mai suka maƙale, fetur ya yi wuya a Arewa. A wannan damina ce ambaliya ta ci gonaki a Kafin Hausa, Auyo da Miga. Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa, noman rani ne madogararsa, injin ban-ruwa kuwa ba ya tashi sai da mai.

Sai inshora. Kamfanonin inshora su ma sukan sayi kariya wurin manyansu a Landan, Jamus da Suwizalan. Bayan guguwar Andrew ta 1992 kamfanoni da dama sun karye a Filorida. Duk shekarar da manyan suka biya diyya mai yawa sai su ƙara farashi, ƙarin ya gangaro har Legas.

Gwamnatin Tarayya ta soma shirin inshorar noma a 1987, akwai kuma takaful ga mai gudun riba. Amma manomin da bai san da su ba, ko bai amince za a biya shi ba, ba zai shiga ba. Aikin malaman gona da ma'aikatan Dutse ke nan: su bayyana sharuɗɗan da Hausa, su tanadi mai da iri kafin Agusta, su tsaya a biya diyya kafin lokacin shukar rani ya wuce.

Allah ya kiyashe mu. Wassalam.