Kulocinka A Sama Yake Kamawa Ko A Ƙasa? Kafin Ka Ce A Ɗaure, Saurari Wannan

 

Yau maganar kuloci za mu yi. Tambayar ta fi zuwa mini daga matasan direbobi na yankin Bagudo a jihar Kebbi, masu tsallaka gadar Tuga su bi Kaoje zuwa Tsamiya, da masu yin Illo da Lolo har bakin iyakar Benin. Kusan tambaya ɗaya ce: kulocina ya hau sama, sai na kusa ɗauke ƙafa gaba ɗaya mota ke tashi, yaya ake sauko da shi? Wasu kuma nasu akasin haka ne, a can ƙasa yake kamawa, giya tana ƙara in za ta shiga.

Zan faɗi yadda ake gyarawa, in sha Allahu. Amma ku riƙe wannan tun farko: inda kuloci ke kamawa labari yake ba ka game da lafiyarsa. Abin da ake saitawa shi ne ɗan wasan da ke saman feda. In wasan ya yi daidai, kuma kuloci bai daina kamawa a sama ba, to faranti ne ya cinye, babu notin da zai dawo da shi.

Me ya sa na ware wannan yankin? Saboda irin motocin da ke aiki a can. Shekara da shekaru motocin Turai na hannu suna sauka a tashar ruwa ta Kwatano su hauro arewa, kuma yawancinsu masu giyar hannu ne. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, amma tsofaffin Golf da Toyota da Fijo da suka riga suka shigo har yau su ke ɗaukar shinkafa da albasa da kifi da fasinja. Mota ce mai shekara ashirin ko talatin, an sauke mata giyabos ba sau ɗaya ba, kayan cikinta wani sabo wani na gwanjo. Ga lodi, ga yashi da rani, ga taɓo da damina. In kuloci ya ƙone maka tsakanin Kaoje da Tsamiya da yamma, da fasinja cike da mota, kai ka san ba ƙaramin abu ba ne.

To, bari mu leƙa ciki.

Abu uku ne a manne. Akwai fulawil, wanda injin ke juyawa. Akwai farantin kuloci, wanda ke haɗe da giyabos. Sai murfin da ke matse farantin a jikin fulawil da ƙarfin sifirin. In ka taka feda, wani boris ne ke tura yatsun sifirin ɗin, murfi ya saki faranti, injin ya rabu da giya. In ka ɗago ƙafa, murfi ya sake matsewa. Wurin da matsewar ta fara har mota ta motsa, shi ne muke cewa nan kuloci ke kamawa.

Shi faranti kamar takalmin birki yake, yana cinyewa. Yayin da yake sirancewa, yatsun sifirin suna matsowa wajen boris, wasan da ke tsakaninsu yana raguwa, wurin kamawa yana hawa sama. Ka ga ke nan hawan kuloci a hankali a hankali ba wani aljani ba ne, tsufa ne.

Idan wasa ya ƙare gaba ɗaya, kamar ka ɗora ƙafa a kan feda ne dare da rana. Boris ba ya hutawa, faranti ba ya matsuwa sosai, yana zamewa, yana zafi, har ya ƙone. Idan kuma wasa ya yi yawa, ko ka taka har ƙasa faranti ba ya saki duka. A nan ne lamba ɗaya da ribas ke yin taurin kai, kana ji ƙarrr, haƙoran giya na cin wuya.

Yanzu awo. Ba ka buƙatar komai sai rula irin ta 'yan makaranta. Kashe mota. Da farko ɗaga kafet da ledar da ke ƙarƙashin feda, domin na ga motoci da yawa da ciwonsu kafet ne kawai ya naɗe ya hana feda kaiwa ƙasa. Sai ka dafa rula a ƙasa kusa da feda, ka danna fedar da yatsa, ba da ƙafa ba. Za ka ji ta tafi sakwa-sakwa, sannan ta yi tauri. Wannan tazarar ita ce wasa.

A littafin gyara na Toyota irin su Corolla da Carina na wancan zamani, wasan milimita 5 zuwa 15 ne. Motoci masu waya sukan so fiye da haka kaɗan, kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Kowace mota da nata awon, in kana da littafinta shi ne alƙali.

Daga nan sai ka san wane irin kuloci gare ka, domin iri biyu ne. Buɗe bonet. In ka ga waya mai kauri ta fito daga bayan injin ta sauka kan wani hannu a jikin giyabos, naka mai waya ne. In kuma ka ga ƙaramin silinda da siririn bututu, naka mai mai ne, wanda kanikawa ke cewa kulocin sama da kulocin ƙasa. Toyota Hiace da Hilux da Carina E masu mai ne. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ita ma mai mai ce. Golf 2 da yawancin Golf 3 masu ƙaramin injin kuwa waya ce.

Mu fara da mai waya. A ƙarshen wayar akwai noti biyu, ɗaya na saiti, ɗaya na kullewa. Sassauta na kullewa. In ka ɗaure waya, wasa zai ragu, kuloci zai kama a sama. In ka sassauta, wasa zai ƙaru, zai kama a ƙasa. Ku lura da wannan sosai, domin a tasha da yawa suna juya shi: kuloci ya hau, sai a ce a ƙara ɗaure shi. Ɗan uwa, wanda ya hau sassauci yake nema. Ka juya noti rabin zagaye, ka shiga ka taka feda sau biyar ko shida, ka sake awo. A haka a haka har ya zo daidai, sannan ka kulle.

Masu Golf, ga naku. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da waya mai saita kanta, ba ta da noti. In ta maƙale saboda ƙura da tsatsa, canza ta ake yi. Akwai mai noti da ake sa wa a madadinta, kuma a hanya irin taku ni na fi son ta, domin kana iya gyara ta da sufana a gefen titi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa wasa-wasan ƙarfe ko guntun tiyo a bayan waya don ta yi tauri. Sannan duk wayar da ka ga zarenta ya fara warwarewa, ko feda ta yi nauyi tana ƙugi, kada ka tsaya saiti. Ranar tsinkewarta ta kusa. Ajiye spare ɗaya a but ya fi maka ajiye turare.

Sai mai mai. Wannan shi ke cike gurbin cinyewar faranti da kansa, don haka ba a cika taɓa shi ba. In ka wayi gari ka ji ya faɗi ƙasa farat ɗaya, ko feda ta yi laushi kamar soso, kada ka nemi sufana tukuna. Duba mai a kofi. Shafa bayan feda daga ciki ka ji ko ya jiƙe, wannan kulocin sama ne ke yoyo. Duba robar kulocin ƙasa a jikin giyabos. In ka yi famfo sau uku huɗu ya dawo, anjima ya sake faɗuwa, to iska ce a ciki ko roba ta mutu. Maganinsa a canza roba ko silindar, a cire iska.

Kuma don Allah, man birki ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin. Baƙin mai da man giya suna kumbura roba su kashe ta. Ruwan omo da wasu ke zubawa in sun maƙale yana cinye silinda da tsatsa. In larura ta sa aka zuba a daji, a wanke a canza da zarar an shigo gari.

In babu yoyo babu iska, sai a zo kan sandar da ke haɗa feda da kulocin sama, can ƙarƙashin sitiyari. Tana da notin kullewa, yawanci sufana lamba 12 ko 14. In ka tsawaita sanda, kuloci zai kama a sama. In ka gajarta, zai kama a ƙasa. Amma a nan tarkon yake. Cikin silindar akwai wata 'yar ƙofa da mai ke bi ya koma kofi in ka saki feda. In sanda ta yi tsawo da yawa, fistin zai toshe ƙofar. Da safe mota lafiya lau. Ka yi tafiyar rabin awa, mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa taka maka kuloci da kansa. Ka taso Bagudo garau, kafin Kaoje mota na ihu ba ta gudu. Shi ya sa Toyota ta ce a bar wa sandar wasan milimita 1 zuwa 5 a kan feda. Kada ka cinye shi.

An gama saiti? To gwaji biyu.

Na farko, ka tada mota, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku, ka sa ribas. In ya shiga shiru, kuloci na saki. In ya yi ƙara, ko mota na jan jiki alhali ƙafarka na ƙasa, bai saki ba. Kuma ya kamata a ce akwai tazara tsakanin ƙasa da inda yake fara kamawa. A Toyota ana son ta kai milimita 25 ko fiye, wato kamar faɗin yatsa biyu.

Na biyu, ka hau titi mai fili, ka sa lamba huɗu kana tafiya a hankali, ka take totur. In kukan injin ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, faranti na zamewa. In kuma ka ji wari kamar na ƙonannen takalmin birki bayan ka hau tudu da lodi, magana ta ƙare. A sauke giyabos. Kuma tunda an sauke, a canza faranti da murfi da boris tare, a duba fuskar fulawil, a duba ko silin bayan injin na zubar da mai a kan faranti. Wanda ya canza faranti kaɗai don ya rage kuɗi, sau da yawa kuɗin aiki biyu yake biya.

Masu shirin sayen mota ta hannu, wannan gwaji na biyun naku ne. Dillali na iya sassauta waya kuloci ya sauko tsakiya, ka ji daɗinsa a cikin gari. Lamba huɗu da totur ba sa rufa wa kowa asiri.

Sai halayenmu na tuƙi, domin rabin kulocin da ke mutuwa ƙafa ce ke kashe shi. Hanyar iyaka shingaye gare ta. Ka tsaya, ka matsa, ka tsaya. In za ka jira, ka sa firi ka ɗauke ƙafa. In a kan gangara ne, ka ja birkin hannu, kada ka riƙe mota da rabin kuloci. In ka shiga giya, ƙafar hagu ta koma ƙasa, feda ba matashi ba ce. In ka kafe a yashi ko taɓo, kada ka tsaya kana ba ta wuta da rabin kuloci har hayaƙi ya tashi. A sauke fasinja, a rage kaya, a tone gaban taya, a sa itace, a tura. Minti biyar na taurin kai a cikin taɓo na iya cinye abin da wata shida na tuƙi bai ci ba. In kuma ka ratsa ruwa mai zurfi da damina, ka saurari boris kwana biyu, ka duba waya ko ta fara tauri.

Ga wata 'yar dabara ga masu tsallakawa Segbana ko Malanbil. A can kanikawa da masu kayan gyara da sunan Faransanci suka san abin, ambirayaj suke cewa. Kuma da sefa za ka biya, ga canji yadda yake. In za ka sayi faranti ko'ina ne, ka tafi da tsohon a hannu, a gwada faɗinsa, a ƙirga haƙoran tsakiyarsa. Mota iri ɗaya tana iya zuwa da faranti kala biyu, musamman wadda aka taɓa canza wa injin.

Ni shawarata, duk ranar da ka canza baƙin mai, ka sa yatsa ka danna fedar kuloci. Daƙiƙa goma ne. In wasa na nan, Alhamdu lillahi. In ya ragu, a saita tun kana gida, kusa da bakanikenka. In an saita bai daina zamewa ba, ka haƙura da lodin ranar, ka kai ta gareji. Fasinjan da ya shiga motarka da jariri a goye bai san faranti ba, bai san boris ba, kai ya sani.

A shiri na gaba za mu taɓa maganar birki da lodi mai nauyi, in Allah ya kai mu. Wanda ya san wani direba ko yaron mota da wannan zai amfana, ya tura masa. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.